Cikin fari a shekara 15: abin da ya faru da 'yar yayana daga aure har ɗakin tiyata

Ranar Alhamis ce bayan azahar, cikin bazara, ina tsaka da yi wa yara rigakafi a ƙaramin asibitin da nake aiki sai wayata ta yi ƙara. Matar yayana ce, muryarta na rawa, abin da ta iya cewa kawai shi ne "Gwaggon yara ki zo, yarinyar nan tana taune harshenta." Nace yaushe naƙudar ta fara, tace tun daren Talata. Wallahi sai da na nemi benci na zauna, don duk wanda ya yi aikin awo da karɓar haihuwa a karkara ya san abin da naƙudar kusan kwana biyu ke nufi ga yarinya 'yar shekara 15 mai cikin fari.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, shekarata 14 ina wannan aiki. Yarinyar kuwa 'yar yayana ce, ɗan baffana, ba zan faɗi sunanta ko na garinsu ba, zan dinga ce mata 'yata tunda dama haka nake kiranta. Da izininta da na mahaifiyarta nake rubuta wannan, ita da bakinta tace min Gwaggo ki faɗa, ko wata za ta tsira.

Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya takwas. Ta gama aji shida na firamare, kuma tana da kai, har yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙon waya. Amma ƙaramar sakandaren da ta fi kusa da su tafiyar kilomita bakwai ce ta cikin gonaki, Yaya yace shi ba zai saki budurwa tana bin wannan hanya safe da yamma ba, kuma gaskiya ban ga laifinsa kan wannan tsoron ba, hanya ce da ko ni babba ba na son bi ni kaɗai. To da karatu ya tsaya sai talla, gyaɗa da awara, da ribar ne uwarta ke tara mata kayan ɗaki. Yarinya ta fara girma tana yawo da faranti a ka, samari sun fara tsayar da ita, maganganu sun fara yawo a gari, sai dattawan gida suka ce a yi mata aure a huta. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, aka ɗaura, tana da shekara 14. Mijin saurayi ne ɗan shekara 24 ko 25, manomi, mai zuwa cin rani Ikko, yaron kirki ne kuma tana sonsa, babu wanda ya yi mata dole. Na faɗi haka ne don mutane da sun ji irin wannan labari sai su zana wani mugun tsoho a ransu, alhali a nan babu shi, kuma duk da haka abin da ya faru ya faru.

Lokacin auren watanta biyar kacal da fara al'ada. A wurinmu da yarinya ta ga jini an gama magana, ta isa. Amma jiki ba haka yake aiki ba, ƙashin ƙugu, wato ƙofar da kan jariri zai bi, shi ne yake zuwa ƙarshe wajen girma, yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada, har bayan tsayin yarinya ya kusa tsayawa. Ƙari a kan haka yaron da ya tashi kan tuwo da miyar kuka da koko, ga cutar ƙuruciya iri-iri, sau da yawa ya riga ya tsumbure tun yana ƙarami. Da na auna tsayin 'yata daga baya santimita 146 ne.

Kuma irinta suna da yawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A Arewa maso Yamma kashi 29 ne, a Kudu maso Yamma 6, a karkara 27, a birni 8, a cikin waɗanda ba su yi boko ba kuwa kashi 44. Wannan binciken dai ya nuna a Arewa maso Yamma wajen kashi 16 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. A maƙwabtanmu Nijar kusan mata uku cikin huɗu ake aurarwa kafin su kai 18. 'Yata ta faɗa kusan kowane layi na wannan lissafi, 'yar karkara, karatu ya yanke, gidan talaka.

Ciki ya shiga da damina ta kankama, ke nan watanninsa na farko da na tsakiya sun faɗo daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Mai cikin fari ita ce zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa illa, ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyiya tana cinye jinin uwa tana rage abin da ke isa ga ɗa, wani lokaci ma ba tare da an ga zazzaɓi mai zafi ba. Sau biyu ta kwanta, sau biyu aka sayo mata farasitamol a kemis aka jiƙa mata sassaƙe. Gidan sauro akwai, amma ya yayyage an ɗaure shi an kewaye shukar tumatir da shi. Abinci kuwa gidan yawa ne, amarya ita ce ƙarshen ci, kuma ko an miƙo mata nama kunya ba za ta bari ta ci a gaban uwar miji ba, ga shi jikinta na neman abinci don nata girman, ɗan cikin ma yana nema, mutum biyu masu girma a kan kwano ɗaya.

Ita kunyar nan ta cikin fari ina so na daɗe a kanta. Tarbiyya ce mai kyau, da ita aka raine mu, amma a kan ciki tana cin rai. Yarinya ba za ta ce tana da ciki ba, uwarta ba za ta tambaya ba tunda ita ma tana kunyar abin, uwar miji ta gani ta yi shiru tana jiran ya fito, miji kuwa yaro ne ba zai iya tunkarar babansa yace a bashi kuɗin kai matarsa awo ba. Kowa ya sani kuma babu mai magana. Haka cikin ya kai wata shida babu wanda ya taɓa auna shi.

A wajen wani suna na ganta. Tana zaune can gefe ta lulluɓe da hijabi har ƙasa, na kira ta ta zo tana sunkuyar da kai, na ja fatar idonta ta ƙasa sai na ga fari fat kamar takarda, tafin hannunta ma haka. Na sa aka kawo min ita asibiti ranar Litinin. Awon jininta ya nuna 8, alhali mai ciki ana so ta kai 11, in ya yi ƙasa da 7 kuma ya zama mai tsanani. Bugun jininta 130 bisa 85, bai kai 140 bisa 90 da muke kira hawan jini ba amma ga yarinya ƙarama ya ɗaga min hankali. Na bata ƙwayar ƙarin jini da folik asid, na sa ta haɗiye Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin sauro, guda uku a gabana, na yi mata allurar tetanus, na bata sabon gidan sauro, na rubuta a katinta da jan biro cewa a babban asibiti za ta haihu. Nace 'yata ki dawo bayan sati huɗu, tace to Gwaggo.

Bata dawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, ita sau ɗaya ta samu. Ƙwayoyin ma sati biyu ta sha aka karɓe, wata tsohuwa a gidan tace jan maganin nan shi ke sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Kuma a nan nawa kuskuren yake, har yau yana ci na a rai: yarinyar na yi wa bayani, ita da ba ta da ikon fita ko ƙofar gida sai an ce ta fita. Ban je na zauna da mijin ba kafin ya tafi cin rani, ban samu surukinta ba, ko Yaya ban kira na ce masa ga abin da na gani ba, saboda ni ma ina jin nauyin yi wa yayana maganar cikin 'yarsa. Kunyar da nake ganin laifinta ni ma ta kama ni.

Abin takaicin shi ne ilimin nan ba sabo ba ne, kuma a ƙasarmu aka samo shi. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, ya kuma gano cewa ƙananan 'yan mata masu ciki da aka ba maganin zazzaɓin sauro da na ƙarin jini suna ƙara tsayi a cikin watannin cikin. Wato jan maganin da aka karɓe mata shi ne zai taimaki jikinta ya ƙarasa girman da bai gama ba.

A wata na bakwai aka kai ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Ƙafafunta suka kumbura, aka ce ai cikin namiji ne. Zoben hannunta ya ƙi fita, fuska ta yi fam da safe, aka ce ciki ya karɓe ta ta yi ƙiba. Daren Talata ciwon mara ya fara, bata faɗa wa kowa ba, ta kwana tana juyi tana cije zani, don an sha gaya mata mace ta gari ba ta raki a haihuwa. Da asuba uwarta ta gane, aka kira ungozoma, tsohuwa ce da ta karɓi haihuwar rabin garin kuma ba na raina ta, abin da ta sani ta yi. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi tofi, wajen la'asar ɗin Laraba faya ta fashe, aka sa ta durƙusa tana yunƙuri tun ƙofar mahaifa bata gama buɗewa ba, tana yi tana yi har ƙarfinta ya ƙare. Da dare wata tace gishiri ne ya tare hanya a kira wanzami ya yanka. Allah Ya saka wa matar Yaya da alheri, a nan ta tsaya tace ba za a sa wa 'yarta aska ba, don yankan gishirin nan shi kansa yana huda mafitsara, yana kuma jawo zubar jini. Tace a kai ta asibiti. Sai aka ce yarinya matar mutane ce sai an ji daga mijinta, ga mijin yana Ikko wayarsa a kashe, surukin yace a bari gari ya waye, haihuwa lokaci ce, Yaya kuma yana jin nauyin ya zartar da hukunci a kan matar wani ko da 'yarsa ce. Dare guda ya tafi a haka.

Da safiyar Alhamis tace kanta zai tsage, tana ganin wasu taurari, ƙirjinta na ciwo ta ƙasan haƙarƙari. Wajen hantsi ta fara jijjiga. Aka ce iskokai ne, aka kunna garwashi aka yi mata hayaƙi, aka danna mata cokali a baki. Sai da ta yi sau uku sannan aka kira ni. Jijjigar masu ciki ciwon hawan jini ne da ciki ke kawowa, yana taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, ya fi kama masu cikin fari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace 'yan shekara 10 zuwa 19 sun fi 'yan 20 zuwa 24 haɗarin kamuwa da shi, haka ma ciwon mahaifa bayan haihuwa da cutar da ke bin jini. Kafin ya kai ga jijjiga yana ba da sanarwa, kumburin fuska da hannu, ciwon kai, gani dishi-dishi, kuma abin awon jini da ɗan tsinken gwajin fitsari sun isa su kama shi a minti biyar.

Na hau babur da jakata, tafiyar minti arba'in a cikin yashi. Abin da na tarar ba zai bar idona ba. Ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, tana kwance kan tabarma, leɓenta ya kumbura ya tsage, jini ya bushe a gefen bakinta, idonta a buɗe amma bata gane ni ba. Cikin ya rabu biyu kamar an ɗaure shi da igiya a tsakiya, alamar mahaifa ta gaji tana dab da fashewa. Wari na fita daga ruwan da ke zuba. Jininta 170 bisa 110. Na sa aka fitar da garwashin aka buɗe taga, na kwantar da ita ta gefen hagu, na yi mata allurar magniziyam, giram 4 a jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, Allah Ya sa muna da ita a lokacin, allura ce mai araha da aka tabbatar tana tsayar da jijjiga. Na sa mata robar fitsari da ƙyar saboda kan ɗan ya danne hanya, abin da ya fito ɗan kaɗan ne ja kamar zoɓo. Na kara abin sauraro a cikin na daɗe ina nema, ban ji bugun zuciyar ɗa ba. Na fito tsakar gida na samu Yaya nace Yaya, yau ko da izini ko babu izini zan tafi da ita, in wani abu ya biyo baya a ɗora min. Bai ce komai ba, ya shiga ya kwance tunkiyarsa.

Kafin a samu mota a yi cinikin mai an ci awa biyu, hanya ta ci wasu biyun, mun isa babban asibiti ana kiran magariba. Nan ma sai da aka rubuto kayan aiki mu sayo, aka ce a nemo jini leda biyu tunda nata ya sauka zuwa 6, mazan da suka rako mu kowa ya fara kame-kame, wannan yace bai ci abinci ba wancan yace jininsa ba yawa, ƙarshe ƙanin uwarta da direban motar, bawan Allah da bai san mu ba, su suka bayar. Sai bayan goma na dare aka shiga da ita tiyata. Masana suna kiran wannan jinkiri uku, na yanke shawara a gida, na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Ita duka ukun ta sha, amma na farkon shi ya fi tsawo, kusan kwana biyu.

Namiji ne, ba rai. Nauyinsa kilo 2.7. Ni na karɓe shi na naɗe a zani, kansa ya yi tsawo ya lotse saboda matsa. Na so tsohuwar da tace magani zai sa ɗa ya yi ƙato ta ga wannan yaro, ɗan madaidaici ne, kowace babbar mace mai lafiya za ta haife shi ba tare da wahala ba, ƙugun uwarsa ne bai kai ba.

Ta farfaɗo, jinin ya sauka a hankali. Wadda ta yi doguwar naƙuda irin wannan ana so a bar mata robar fitsari kamar sati biyu don mafitsara ta huta, amma kuɗin tunkiya ya ƙare, a kwana na huɗu suka matsa aka sallame su aka cire. Kwana na shida ta farka ta ga shimfiɗa a jiƙe. Yadda abin yake, kan ɗa in ya tsaya a ƙugu yana matse naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ruɓe ya faɗo ya bar rami, daga nan fitsari sai dai ya dinga bi ta gaba dare da rana. Shi ne yoyon fitsari. Ƙafarta ta dama ma ta saki tana jan ta, saboda jijiyar da kan ya danne. Ga nono ya kawo ya cika yana zuba babu mai sha, wannan ya fi komai sa ta kuka.

Da suka ɗora tukunyar wankan jego suka dama kunun kanwa na hana, sai da muka yi ka-ce-na-ce da kakarta. Mai hawan jini da ƙarancin jini ba a ɗura mata kanwa a kwantar da ita kan gadon wuta, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta wannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Muka daidaita kan ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa.

Wata huɗu ta yi da yoyon. Tsumma take sawa, uwarta na wanki sau uku a rana, sabulu kaɗai ya zama wani nauyi a gidan. Ta rage shan ruwa wai don yoyon ya ragu, sai fitsarin ya ƙara kauri da zarni ya ci mata cinyoyi suka yi gyambo. Ta daina fita tsakar gida in an yi baƙi, ta daina cin abinci da ƙannenta, har sallah ta bari tana ganin ba ta da tsarki, sai da na roƙi limamin garin ya aiko mata cewa wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba mai uzuri ne, ta yi alwalarta ta yi sallarta. Ranar ta yi kuka sosai. Wata rana da dare tace min Gwaggo da ma ni na tafi aka bar yaron. Yarinya 'yar 15 ke faɗin haka, ƙawayenta na can suna wasan gaɗa a dandali. Mijin ya dawo ya zo ya zauna a zaure yana share hawaye, ya kawo abin da ya samu, bai sake ta ba, amma danginsa suka yi ta matsa masa, kafin shekara ta zagayo an yi masa wata amaryar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana gyara yoyon fitsari, kuma a cibiyoyin da aka ware aikin kyauta ne. Akwai Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun shekarun 1980 ya kuma koyar da likitocinmu da dama, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala a Kano, akwai ta Ningi a Bauchi, akwai Jahun a Jigawa inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki, a Nijar kuma akwai Danja kusa da Maraɗi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan muka kai ta bayan mun ɗan gina jikinta da wake da ƙwai da zogale. Ranar da muka shiga ɗakin ta ga mata sun fi talatin kowa da robarta da bokitinta, wasu sa'anninta wasu sun haife ta, har da wadda ta shekara 20 da ciwon, sai na ga kafaɗunta sun sauka, tace ashe ba ni kaɗai ba ce. An yi aikin, ta yi sati biyu da roba tana shan ruwa kamar me, ranar da aka zuba ruwan shuɗi a mafitsara don gwaji bai ɓullo ba. Ramin ya rufe. Har yanzu in ta yi tari ko ta ɗaga abu mai nauyi ɗan kaɗan yana zubowa, ƙafar kuma ta dawo sai ɗan ɗingishi in ta gaji. Sharaɗin da aka bata: ba kwanciyar aure na wasu watanni, kar ta yi saurin ɗaukar wani cikin, kuma duk haihuwar da za ta yi nan gaba ta tiyata ce.

Akwai ƙawarta da aka ɗaura musu aure sati ɗaya, ta girme ta da 'yan watanni. Ita mijinta malamin firamare ne, shi da kansa yake ɗauko ta a babur ya kawo min, awo shida ta yi. Ita ma jininta ya hau a wata na takwas, na tura ta babban asibiti, aka kwantar da ita aka ciro ɗan kafin lokaci, kilo 2.1, aka koya mata ɗaure shi a ƙirji fata da fata don ya samu ɗumi. Yaron yanzu yana gudu. Ƙuruciyar bata ƙyale ta ba ita ma, ga hawan jini ga ɗa ƙasa da kilo 2.5 kamar yadda aka san 'ya'yan ƙananan mata suna yawan zuwa, amma an gani da wuri.

Na san da an taɓo shekarun aure sai gari ya rabu biyu, wasu su kawo dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da ta ce 18, wasu su ce an taɓa addini da al'ada, a yi ta jayayya kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Ni ra'ayina a fili yake, yarinya 'yar 14 jikinta bai isa ɗaukar ciki ba, na gani da idona na taɓa da hannuna. Kuma uban da yake tsoron abin kunya tsoronsa gaskiya ne, don ina ganin waɗancan ma, 'yan talla da aka yaudara ko aka yi wa fyaɗe, su nasu ɓoyon ya fi tsanani, sai sun sha haɗe-haɗen zubar da ciki jini ya ɓalle ake kawo su cikin dare. Amma ko wanda ya dage sai ya aurar, me zai hana a jinkirta cikin fari shekara biyu ko uku, me zai hana tun ranar da aka sa rana a yi magana tsakanin iyaye cewa in ciki ya zo za a yi awo, za a ajiye kuɗin mota, kuma in miji ba ya nan ya bar izini a fita da ita ko da tsakar dare ne? Tun abin 'yata na daina yi wa yarinya ita kaɗai bayani, sai na ce a turo min mijin ko uwar mijin, in sun ƙi zuwa ni nake bin su gida.

Yanzu shekararta 17. Tana gidan Yaya, auren na nan bai mutu ba, mijin yana zuwa yana so ta koma, na ce masa sai ya biyo ni asibiti mun zauna tukuna, ya zo, ya kuma yarda aka sa mata ashanar fata ta tazarar haihuwa a hannu. Ta koyi ɗinki, tana zuwa islamiyyar matan aure da yamma, ranar awo kuma takan zo ta taya ni rubuta kati, in ta ga ƙaramar yarinya ta lulluɓe a layi sai ta matsa kusa da ita su yi ƙus-ƙus.

Ƙanwarta mai bi mata shekararta 12, tana aji shida, bana za ta gama. Sati biyu da suka wuce na je na samu Yaya a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, nace ya bani ita ta zauna a wurina ta yi sakandare, makarantar tana bayan gidana, ci da sha da littafi duk a kaina. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan yace akwai wanda ya riga ya fara aiko da gaisuwa, amma bai amsa ba, in bari a ga yadda damina za ta yi. Ranar Juma'a zan koma, wannan karon da yayar tata za mu je.